Rigar da Yaya Ta Yanka Ba Ta Ɗinka Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Yayarmu, babbar ɗakinmu, ta cika da hantsin wata Lahadi a gidanta da ke unguwar Fezzan a nan Yerwa, bayan jinya ta watanni. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Na ɗauki alƙalami ne don na ga yadda ake manta mutane a garin nan: a yi sadaka, a naɗe tabarmi, a raba kayan sawa, shi ke nan. Ba na so a yi wa Yaya haka.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, aka ce in zauna a tsakiya, tunda ni ne babban namijin da ya rage. Na zauna, amma zaman bai karɓe ni ba. Da an shafa fatiha sai in miƙe, in shiga zaure, in tsaya, in fito, in gyara takalman mutane da ƙafa, in koma. Ɗan Yaya na fari, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a GRA, ya riƙa kamo hannun rigata yana cewa, “Kawu, zauna mana, kai mutane suka zo gani.”

Na halarci zaman makoki a ƙasashe da dama. A Omdurman mai ta'aziyya tun daga nesa yake ɗaga hannuwa, kai ma ka miƙe ka ɗaga, ku karanta fatiha a tsaye. A Jidda kujeru ake jerawa, a ba ka gahawa, ka yi addu'arka ka tafi. Mu a Yerwa mutum zai durƙusa ya yi ta wushe, wushe, wato sannu, sannu, ya yi maka da Kanuri, ya juya ya yi da Hausa, in Shuwa ne ya ƙara da Larabci, sannan ya zauna ya yi shiru. A cikin wannan shirun nake jin tafin ƙafata yana ƙaiƙayi.

Limamin unguwa ya ce bai taɓa jin Yaya ta ba wani haƙuri ba, bai kuma taɓa jin wani ya kwana da yunwa a layinta ba. Mutane suka yi murmushi suka sunkuyar da kai, don kowa ya san duka biyun gaskiya ne.

Wata mata da ban gane ba ta tsaya a bakin zaure tana kuka har lafayarta na zamewa. Da na tambaye ta, sai ta ce, “Baba, ni ce uwar 'yan labule.” Nan na tuna. A shekarun tashin hankali, da mutanen ƙauyuka suka cika gari, ta iso zauren nan da 'ya'yanta, ba su da komai sai tsumman jikinsu. Yaya ta dube su, ba ta ce sannu ba, ta shiga ta fizgo labulen ɗakinta mai furanni, ta hau keken ɗinki. Kafin magariba yaran duka suna sanye da riguna iri ɗaya, unguwa ta sa musu suna 'yan labule. Ɗakin Yaya kuwa ya daɗe ba labule, duk wanda ya yi magana ta ce iska take so.

Sai Madam mai zare, Inyamura ce Kirista, mai shago a kasuwa, wadda Yaya ke sayen zare da allura a wurinta tun suna da ƙarfinsu. Ta ɗaura ɗankwali, ta shiga wurin mata, da za ta fita ta durƙusa gabana ta ce, “Alhaji, yanzu wa zai zage ni? Kullum Mama za ta ce zarena ruɓaɓɓe ne, kullum kuma wurina za ta dawo.” Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Keken da kowa ke magana a kai, ni na kawo shi. A tafiyata ta farko zuwa Sudan, ina saurayi mai fataucin fata, na saye shi a hannun wani tsohon tela da idonsa ya mutu. Baƙi ne, mai zanen ruwan zinare a wuya, na takawa da ƙafa. Na ratso Chadi da shi a bayan babbar mota, ina rungume da kansa kamar jariri duk inda hanya ta yi gargada. Da na sauke shi a tsakar gida ina jiran yabo, Yaya ta zagaya shi, ta girgiza teburin, ta ce, “Ƙafa ɗaya ta fi guntu.” Godiyar ke nan. Amma da zan sake tafiya na tarar da riga a kan jakata, da aljihu a ɓoye ta ciki daidai girman fasfo, an yi masa ɗinki biyu.

Ba ta kirana da sunana. Baƙo take ce mini. In na shigo gidan sai ta ɗaga murya daga kan keke, “Baƙo ya zo, a ba shi ruwa kafin ya tashi.” In na fara ba ta labarin telolin Duwala masu yawo da keke a ka suna kaɗa almakashi, ko na Makka da ke ɗinki da lantarki, sai ta ce, “To, su ɗinka maka.” Ita ba ta taɓa wuce Damaturu ba sai da ta je aikin Hajji, kuma da ta dawo abin da kawai ta ce shi ne ɗinkin jallabiyoyinsu ba ya ƙarko.

Halinta da ya fi ba mu wahala shi ne ba ta ba da dalili. Za ta ce a yi, ko ta ce kada a yi. In ka ce don me, ta ce, “Don na ce.” Mijinta, Allah Ya jiƙansa, ya haƙura da tambaya tun suna amarci. Wadda ba ta taɓa haƙura ba ita ce autarmu.

Auta tana zaune a unguwar Bolori, sana'arta haɗa turaren wuta da humra. A garin da kowace mace ke ganin ta iya turare, nata ya yi suna, har daga Kano da Injamena ake aiko wa amare. Tana dafa icen sandal da sukari da man turare har ya yi danƙo, ta tsaya a kansa kamar mai gadin jariri. Lokacin bikin babbar 'yar Yaya, ta shigo ɗakin ɗinki da kasko yana hayaƙi, tana so ta turara lafayoyin amarya da ke jibge a kan teburin keke.

Yaya ta ce, “Fita da shi.”

“Yaya, wannan na musamman ne, ko matan manya ban ba su irinsa ba.”

“Ki kai musu. Fita da shi.”

“Don me?”

“Don na ce.”

A gaban dangin ango aka yi wannan. Auta ta fita da kaskonta, ta wuce har Bolori, ta yi azumi guda ba ta tako Fezzan ba. Ranar jajibirin salla Yaya ta aika mata da lafaya mai kalmasa siririya kamar ba hannun mutum ya yi ba, ba saƙo, ba gaisuwa. Auta ta sa ta zo yawon salla, aka ci gaba da zumunci. Amma dokar ba ta tashi ba. A turara falo, a turara ɗakin kwana na baƙi, a turara zaure, ban da inda keke yake. Auta kuwa ta riƙe a ranta cewa yayarta ta rena sana'arta.

Akwai wata al'ada da Yaya ta kafa a danginmu, ba ta gada ba. Duk jaririn da aka haifa, rigar da zai sa ranar suna daga kekenta take fitowa. Ba ta yarda da sabon yadi. Tsohuwar lafayarta take zaɓa, wadda wanki ya tausasa, ta yanka, ta ɗinka, ta aika. 'Ya'yana duka a cikin tsofaffin lafayoyinta aka raɗa musu suna, har wanda aka haifa a Injamena, don ta ba direba ya kai.

Jikarta, wadda ta taso a ɗakinta tun tana rarrafe, ta haihu ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwar. Haihuwar ta zo da wahala, aka riƙe ta a asibiti. Washegari Yaya ta sa aka jingina ta da matashi, ta ce a miƙo mata farar lafayarta da almakashi. Ta yanka gaban riga da baya da hannuwa, ta naɗe, ta ce a ɗora a kan keke, gobe za ta ɗinka. Goben ita ce Lahadi. Da aka sallamo mai jego, gidan makoki ta tarar.

Bayan sadakar uku, ina waje kan tabarma, aka ce mai jego na kirana. Na miƙe da sauri har na ji kunya, don na sami dalilin tashi. Tsakanina da ita akwai wasan kaka da jika. Na same ta a ɗakin Yaya, zaune gaban keke, idonta ya kumbura.

Ta ce, “Tsohon mijina, an ce kai ka auro keken nan daga Sudan. To matarka ta yi yaji.”

Ta taka ta nuna mini. Allura na sauka tana hawa, tana huda ƙyalle, amma in ka ja ƙyallen sai ya fito da ramuka kawai, zare na sama na lilo, na ƙasa bai ko motsa ba. Suna kuwa Juma'a ne da asuba. An riga an yanke cewa ba taro, ba kiɗa, raɗin suna ne kawai da yanka. Mai jego ta ce ta yarda da duk wannan. Abu ɗaya ne ba za ta yarda da shi ba: 'yarta ta zama ta farko a dangi da za a raɗa wa suna ba cikin rigar Kaka ba, alhali ga rigar a yanke.

Ɗan Yaya ya shigo ya ce a kai wa tela a bakin titi, kafin a sha shayi ya gama. Ta ce ba rigar tela take so ba. Ya koma mota ya ɗauko kayan jarirai na kanti cikin leda mai ƙyalli. Ta karɓa ta gode, ta tura ƙarƙashin gado. Ya buga wa wani mai gyaran keke waya, aka ce ya yi tafiya sai mako mai zuwa. Wata gwaggo ta ce a ɗinka da hannu mana. Mai jego ta ce Kaka cewa ta yi a ɗora a kan keke. Wata tsohuwa daga bakin ƙofa ta ce ai ba yau aka fara ba, kayan aiki na yin takaba in mai su ya tafi, a bar shi sai bayan arba'in. Na ga wasu sun gyaɗa kai.

Matsalar ita ce Yaya ta koya wa yarinyar ɗinki, ba ta koya mata gyara ba. In keke ya yi gardama sai ta ce, “Tashi,” ta zauna, ta ba ta baya, a ji ƙwas ƙwas, sannan ta ce, “Zauna.” Ba wani mai gyara da ya taɓa sa masa hannu.

Ranar Alhamis tun da safe na kasa zama a waje gaba ɗaya. In na karɓi gaisuwar mutum biyu sai in ce ina zuwa. Ni ba tela ba ne, amma wanda ya yi rabin rayuwarsa a bayan manyan motoci ya san abu ɗaya: in inji ya tsaya, a fara da abin da ya fi sauƙi. Na sa tabarau. Muka zare zaren sama gaba ɗaya muka sake bi da shi ta kowace kafa, mai jego tana faɗa mini hanya, ni ina laluben ramin allura kamar makaho.

Ta ce, “Kawo nan, tsoho, kada suna ya wuce kana nema.”

Muka gwada. Ramuka.

Muka ciro kwarkwaro, wato ɗan ƙarfen da zaren ƙasa ke naɗe a jiki, muka warware shi muka sake naɗawa, ko an naɗa shi da sako-sako. Muka juya shi ta ɗaya fuskar. Ramuka. Na duba bel ɗin fata da ke haɗa abin takawa da kan keke, na ga ya ɗan saki, na yanke kaɗan na sake ɗaurewa da waya. Keken ya ƙara sauri, amma da nauyi, kamar jakin da ake ja zuwa rafi. Ramukan ma suka ƙara sauri.

Ana cikin haka tsofaffin mata suka gano mai jego ce ke takawa. Aka yi ca a kanta: mace da ɗanyen jiki, ko wankan safe ba ta gama hucewa ba, za ta hau keke? Aka kafa doka, hannu dai ta sa, ƙafa a'a. Na koma ni ke juya kan keken da hannu.

Na fita waje, na karɓi gaisuwa, na dawo. Na fita, na sha ruwa a tsaye, na dawo. Daga ƙarshe na tari napep na tafi kasuwa wurin Madam. Ban gama bayani ba ta rufe shago, ta zuba allurai da zare a jaka ta biyo ni.

Tana shiga ta ce, “Allura ce. Kullum allura ce. Wa ya sa wannan?” Ta kwance ta, ta ɗaga ta a haske, ta murza a kan tebur ta ga ko ta lanƙwashe. Ta sa sabuwa, ta nuna wa mai jego gefen da ke da faɗi da inda ya kamata ya fuskanta. Ta cire zaren da muka sa ta ce wannan ba nata ba ne, na masu tallan bakin hanya ne, ta sa nata. Na juya. Allura ta sauka, ta hau, zaren ya yi tsalle ya tsinke.

Mai jego ta ce, “Madam, ashe Kaka ta yi gaskiya a kan zarenki.”

“Rufe baki, 'yar nan. Ke da kakarki duk ɗaya.”

Aka yi azahar. Jaririya ta farka tana kuka, uwar ta ɗauke ta tana ba ta nono, idonta na kan yankakkiyar rigar. Ta daina wasa. Ta ce a hankali, ba da kowa take ba, “Abu ɗaya ta bar mini in ƙarasa.”

Sai na tuna yadda Yaya ke yi in ta ba mu baya: kan keken take kwantarwa baya, ta leƙa cikinsa. Na zame ɗan farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, na kwantar da kan, na sa yatsa a gidan kwarkwaro, inda wani ƙarfe mai baki kamar ƙugiya yake kai da komo yana ɗauko zaren sama. Yatsana ya manne. Na ciro shi da wani abu ja-ja, mai danƙo kamar maɗi. Duk cikin keken haka yake, har tsakanin 'yan faya-fayan da ke matse zare. Ƙugiyar tana motsi, amma zare ba zai iya zamewa ta jikinta ba.

Na kai yatsan hanci. A Sudan na ga ɗakunan da mata ke zama a kan ramin hayaƙi, na ga yadda bango da bargo ke yin irin wannan danƙon. Na gane, na kuma gane wanda zai ji ciwo. Na shiga neman yadda zan ce a kawo kananzir ba tare da na faɗi dalili ba.

Madam ba ta da wannan damuwar. Ta kamo hannuna ta sansana ta ce da ƙarfi, “Wannan ba mai ba ne. Turare ne! Wa ke ba keke turare?”

Auta na tsaye a bakin ƙofa, da kasko a hannu, yana hayaƙi.

Tun da jinya ta kwantar da Yaya, Auta ta baro Bolori ta tare a gidan. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta. An dawo da gadon Yaya ɗakin ɗinki don ya fi iska. Ɗakin mai jinya kuwa sai da turare, masu dubiya na shigowa, kuma a garin nan abin kunya ne baƙo ya shiga ɗakin mace ya ji wani abu ba ƙamshi ba. Safe da yamma Auta na turarawa, a rufe taga don ya kama. Sau da yawa Yaya kan buɗe ido ta ce, “Ku ja keken waje.” Mu duka mun ji, har da ni. Muka ɗauka ɗinki take so ta yi, muka ce ta huta, in ta warke ta yi. Bayan rasuwa kuma, kamar yadda ake turara kayan mamaci, Auta ta riƙa ɗaga zanen da aka lulluɓe keken da shi, ta tura kasko ƙarƙashi, ta sake rufewa. Mafi tsadar turarenta ta sa.

Ta ajiye kaskon a ƙasa. Ta dubi keken, ta dubi gadon da ba kowa a kai, ta fara faɗa da shi kamar mai shi na kwance.

“Kalma ɗaya, Yaya! Ki ce yana ɓata ƙarfe, shi ke nan! Ni mahaukaciya ce da ba zan ji ba? Kika bar ni shekara da shekaru ina cewa kin rena ni. Na yi azumi guda ina kuka a Bolori!” Ta juya ta ci gaba da Kanuri, abin da ba zan rubuta ba, don tsakaninsu ne. Matan da suka taru a ƙofa ba wadda ta ce ta yi haƙuri. Madam ta rufe bakinta da hannu.

Mai jego ce ta yi magana. Ta ce, “Kaka ƙarama, in kin gama da ita, ni suna gare ni gobe.”

Auta ta share fuska da gefen lafaya. Ta ce a fitar da kaskon. Ta ce, “Alhaji, me ke cire shi?”

Na ce, “Kananzir.”

Matar da in mai kananzir ya wuce ta ƙofar gidanta sai ta toshe hanci, ita ta naɗe hannun riga ta zauna a ƙasa. Na kwance ƙarafan ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a kan tire yadda suka fito, don kada mu rasa hanyar mayarwa. Ita tana tsoma su a gwangwani, tana gogewa da tsohon buroshin haƙori, lungunan kuma da tsinke da auduga. Ba ta bar kowa ya taya ta gugar ba. Kananzir ɗin ya koma ja, aka zubar, aka sake. Madam ta ja tsumma tsakanin faya-fayan zare har ya fito fari. Ni kuwa ina tsakanin ɗaki da ƙofar gida, duk wanda na ba hannu sai ya sansana nasa a ɓoye.

Bayan la'asar muka mayar da komai. Sau biyu na sa ƙugiyar a juye, mai jego ta ce da Kaka na nan da ta kore ni zuwa Sudan. Aka ɗiga man keke. Na juya kan, ya tafi sakayau. Muka sa tsumma. Juyi na farko ramuka. Na biyu ya kama, ya tsallake, ya kama. Sai ga layi ya fito, baƙi-baƙi da sauran datti, amma ɗinki ne, sama da ƙasa sun riƙe juna. Muka yi ta bi da tsumma har layin ya fito tsab.

Mai jego ta miƙa jaririya, ta warware farar lafayar, ta haɗa gaba da baya, ta sa ƙarƙashin allura. Na kai hannu zan juya, Auta ta ture ni.

“Koma wurin baƙinka, Alhaji. Tun safe kake shiga da fita kamar kaza mai neman wurin ƙwai.”

Ban koma ba, na tsaya a ƙofa. Ɗaya na riƙe da yadi, ɗaya na juya ƙarfe, ba mai kallon wata. In Auta ta yi sauri yarinyar ta ce, “A hankali.” In ta yi sanyi ta ce, “Kaka ƙarama, barci kike?” Kafin kiran magariba an yanke zare na ƙarshe. Auta ta wanke rigar da sabulu har sau nawa ban sani ba, ta shanya a igiya.

Da asubar Juma'a, bayan an fito masallaci, muka zauna a zaure mu kaɗan. Aka raba goro da dabino, liman ya yi huɗuba, aka sa wa yarinya sunan Yaya. Da gari ya waye Auta ta fito da ita a hannu ta miƙo mini. Na duba rigar. A gefen hagu ɗinkin ya karkace ya dawo, inda hannun mai juyawa ya yi rawa. Amma wuyan ya zauna daidai, kafaɗa daidai, hannuwa sun tsaya a wuyan hannu kamar an gwada.

Na ce, “Kamar an auna ta.”

Auta ta ce, “Yaya ba ta ko gan ta ba. Da na dawo daga asibiti ta ce in nuna mata girmanta. Na ware hannuwana haka. Ta ce in rage, wai ni komai sai na ƙara.”

Ta gyara wa yarinyar wuyan riga da ɗan yatsa, ta karɓe ta, ta koma ciki.

Allah Ya yafe wa Yaya, Ya yalwata mata inda take kwance, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta mu tun daga ranar da aka raɗa mana suna. Ita kuma ƙaramar, Allah Ya raya ta. Amin.